"Kawu, ɗora ni a harkar onlayin ɗin nan"

Wannan maganar na ji ta har na gaji da ƙirgawa. A wajen ɗaurin aure, a bakin masallaci bayan Isha'i, a WhatsApp ƙarfe ɗayan dare. Na baya-bayan nan ɗan yayata ne, ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida wata na bakwai, ya same ni ina aiki a tsakar gida saboda zafin ɗaki, ya tsuguna ya gaishe ni sannan ya ce Kawu dan Allah ka ɗora ni a harkar onlayin ɗin nan da kake yi. Na ce to madalla, me ka iya? Ya sosa ƙeya. Can ya ce ai ko mene ne zai yi, in dai da dala ake biya.

To a nan gizo yake saƙar. Mutanenmu da yawa sun ɗauka "onlayin" wata sana'a ce mai zaman kanta kamar ɗinki ko kafinta, alhali kasuwa ce kawai. Ba wanda zai shiga Kantin Kwari hannu rabbana ya tsaya tsakiyar layi ya ce a biya shi tunda ya shigo, ko dai ka zo da haja, ko kana dillanci, ko kana dako, amma dole akwai abin da kake yi wa wani wanda shi ba zai iya ba ko ba shi da lokacinsa. Intanet ma haka take sak, illa dai ita rumfunanta sun kai har Amurka da Dubai.

Ni fa ban ga laifin yaran ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, lissafin kowa ya canza. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 aka sa hannu a kai a Yulin 2024, to yaron da ya ji an ce wani yana samun dala 100 a wata daga ɗakinsa, wato ya ninka wancan albashin har da ɗoriya, ta yaya za ka hana shi mafarki? Matsalar ita ce ƙofar da aka fara nuna musu.

Ƙofar kuwa ita ce dangwale, wato wasannin waya da ake dannawa ana tara maki da fatan su zama kuɗin kirifto. Kowa ya tuna lokacin da Notcoin ta fashe a Mayun 2024, wasu suka ɗan samu, shi kenan gari ya rikice, tsoho da yaro, malami da ɗalibi, kowa yana dangwalar waya kamar mai jan carbi. Hamster Kombat ta zo, mutane sun yi wata da watanni suna tashi cikin dare, da aka raba a Satumba wasu abin da suka samu ko kuɗin datar da suka ƙona bai kai ba. 'Yan baiwa na Pi kuwa da aka yi shekaru ana ce musu ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, da ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025 sun ga farashin da idonsu. Asarar data ba ta dame ni ba kamar yadda abin ya koya wa samari cewa kuɗin intanet sa'a ce, ka yi rajista ka gayyato mutum goma ka zauna jiran fashewa. Wanda ya saba da wannan tunanin shi ne abincin shafukan damfara na zuba kuɗi irin su CBEX da ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kamar ba mu ne muka ga abin da MMM ta yi a ƙarshen 2016 ba.

Akwai ma wani salo da yake yawo yanzu, za a turo maka saƙo wai kamfani na neman ma'aikata daga gida, ka danna wa bidiyo laik ka turo hoton shaida, nan take a jefa maka 'yan kuɗin kati, ka ji alat ka ce kai abin nan gaskiya ne. Kwana biyu sai a ce in kana son babban aiki sai ka ajiye dubu ashirin. Ni abin da na faɗa wa ɗan yayata shi ne duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a ba ka, kai ne hajar, tashi ka bar wajen.

To me za ka kai kasuwar? Bari in fara da wadda na sani, don da ita nake ci: Hausa. Eh, wannan Hausar da muke rainawa. Ƙungiyoyin agaji suna buƙatar a fassara musu saƙonnin lafiya da na noma, masu bincike suna da hirarrakin da suka naɗa a ƙauye suna neman mai saurare ya rubuta, kamfanonin fasaha suna neman masu duba abin da na'ura ta rubuta ko masu naɗar murya. Amma fa jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Na taɓa raba wani aiki da wani saurayi ɗan asalin cikin gari, Hausa a bakinsa kamar zuma, da ya turo min rubutun sai na ga "kafa" a inda ake nufin ƙafa, "baki" a inda ake nufin baƙi, ga "yace" da "shine" a manne ko'ina, na kwana ina gyara abin da da ni na yi tun farko da tuni na yi barci. Haruffan nan masu lanƙwasa suna nan a Gboard kyauta, ka sa Hausa a madannan wayarka shi kenan, ƙa'idar raba kalmomi kuma ba ta fi ka zauna mata sati biyu ba. Sai dai kar in yi maka daɗin baki, fassarar na'ura ta karya farashi, yawancin abin da ake kawowa yanzu gyaran abin da na'ura ta yi ne, kuma wanda bai fi na'urar iyawa ba ba shi da abin gyarawa.

In ba harshe ba akwai haɗa bidiyo, akwai zanen talla, akwai riƙe wa 'yan kasuwa shafukansu, akwai koyarwa. Wata maƙwabciyarmu hafiza ce, ba ta fita ko nan da can, tana koyar da yara uku karatun Alƙur'ani ta bidiyon WhatsApp, iyayensu 'yan nan ne da suke zaune a Ingila, bayan Magariba take zama da su. Ba ta taɓa buɗe wani shafin neman aiki ba, wata 'yar uwa ce ta haɗa su, uwar yaran kuma ta gaya wa wata.

Wannan ne ma ya sa nake saɓa wa masu cewa ka fara da shafukan neman aiki na duniya irin su Upwork ko Fiverr. Je ka can ba ka da ko aiki ɗaya da za ka nuna, kana gogayya da ɗan Indiya da ɗan Filifin da suka shekara goma a ciki, me kake tsammani? A Upwork neman aikin ma ba kyauta ba ne, akwai wasu maki da ake kira Connects da kake kashewa duk lokacin da ka tura buƙata, in sun ƙare ka saya. Fiverr kuma kashi 20 cikin 100 take cirewa, aikin dala 10 dala 8 ce taka, sannan sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya taɓa kuɗin. Ba wai kar a shiga ba, ni ma ina ciki. Amma kwastomanka na farko yana unguwarku, Hajiyar da take sayar da turaren wuta da humra tana ɗora hotuna masu duhu a sitatus, telan da ya iya ɗinki amma bai iya nuna shi ba, makarantar Islamiyyar da take son takardar sanarwa. Yi musu, ko kuɗin bai taka kara ya karya ba, ka tara guda biyar ko shida masu kyau, su ne shaidarka ranar da baƙo ya ce nuna min abin da ka taɓa yi.

Sai Turanci. Ba sai ka iya na Sarauniya ba, amma dole ka iya karanta umarnin aiki ka gane, ka rubuta amsa gajera mai ma'ana. Rabin waɗanda na ga an sallama ba rashin iya aikin ba ne, ba su karanta abin da aka ce su yi ba ne.

Abin da masu tallan kwas ba sa faɗa shi ne wuta. Aikina na farko da wani kamfanin waje, shafi goma sha biyu ne, an ce in miƙa ƙarfe biyar na yamma agogonsu, ni kuma ban ma lissafa bambancin lokaci daidai ba. Ina shafi na tara aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin dama ya mutu murus, na naɗe ta a jaka na hau adaidaita zuwa shagon wani mai cajin waya a bakin titi, na zauna a kan benci kusa da janaretonsa, hayaƙi na shiga min ido, waya a cinya ina jan intanet daga ita, yara sun zagaye ni suna kallo. Na tura da jinkirin awa ɗaya da wani abu. Sun biya ni, ba su ce komai ba, kuma ba su sake nemana ba har yau. Tun daga ranar na gane kuɗin farko da ka samu ba na sabuwar waya ba ne, na fawa bank ne da ɗan ƙaramin sola, da layi biyu na kamfani daban-daban. Data ma ka sa ta a lissafi, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 ba a yi mata wasa.

Karɓar kuɗi ba shi da wahala kamar da, akwai manhajojin karɓar kuɗi daga waje irin su Payoneer da Grey da makamantansu. Abin da yake kayar da mutane shi ne suna. Sunanka na NIN daban, na banki daban, na shafin aiki kuma ka sa laƙabi, ranar tantancewa sai kuɗi su maƙale. Masu sayen akawun ɗin wani ko masu sa VPN, manhajar ɓoye inda mutum yake, su ce suna Amurka kuwa, ranar da aka gano su har kuɗin da ke ciki sai sun yi kukansa.

Gida kuma nasa ƙalubalen daban. Tunda ana ganinka a ɗaki to ba ka da aikin yi, kai ne ɗan aike, kai ne rakiya asibiti, kai ne je ka duba mai gyaran famfo. Mata abin ya fi yi musu yawa, ga girki ga yara ga baƙi da ba sa sanarwa. Sai ka zauna da mutanen gida ka ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza ina wajen aiki ko da kun gan ni, kuma a gaskiya ba sa yarda sai ranar da ka sayo buhun shinkafa da kuɗin.

Shirin gwamnati na 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, mai burin horar da mutum miliyan 3, ba laifi, wanda ya samu ya shiga. Abin da nake gudu shi ne tara satifiket, na san masu guda shida a waya da ba su taɓa yi wa kowa aikin naira ɗaya ba.

Shi ɗan yayar tawa da na matsa masa da tambaya, ashe shi yake haɗa bidiyon bikin abokansa da CapCut, kyauta, wai shi a wajensa wasa ne. Na tura shi wajen telan da yake min ɗinki. Yanzu wata biyu kenan yana yi masa gajerun bidiyo uku a sati, wani mai shagon takalma a layin ma ya kira shi. Shekaranjiya ya turo min saƙo wai Kawu yaushe za mu buɗe na dalar, na ce ya turo min hoton NIN ɗinsa da sunan da ke akawun ɗinsa na banki. A ɗaya Muhammad ne, a ɗayan Mohammed, sunan mahaifi kuma a gaba a nan, a baya a can. Na ce ranar Litinin ya fara zuwa ya gyara wannan tukuna.