Kafin Ka Sayi Kyamara, Ka Kai Wa Editan Ɗalibai Hoto

Duk ƙanin da ya zo mini da maganar yana son zama ɗan jarida mai ɗaukar hoto, tambayarsa ta farko ita ce wace kyamara zai saya. Ni kuma sai in tambaye shi ko akwai jaridar ɗalibai a makarantarsu, kuma ko ya taɓa kai musu hoto. Yawanci shiru ne ke biyo baya. Wannan shirun yana damuna, domin ni a can na koyi aikin nan.

Ina aji biyu a jami'a aka yi makonni famfo bai kawo ruwa a ɗakunan kwananmu ba. Editanmu, shi ma ɗalibi ne ɗan aji huɗu, ya ce in samo hoto. Bayan sallar asuba na fita da waya, na tsaya can nesa na ɗauki hotuna sun haura hamsin: jarkoki a jere, bokitai, kurar 'yan ga-ruwa ana rububinta. Da na kai masa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna wani mai ɗauke da bokiti biyu ya ce, "Wannan waye? Me yake karanta? Tun ƙarfe nawa yake nan?" Ban da amsa ko ɗaya. Ya ce in koma.

Washegari na koma, na yi sallama, na shiga layin kamar kowa. Sai da muka yi hira kafin na ciro waya. A nan na ji cewa yaron tun ƙarfe huɗu yake fitowa don kada ya rasa laccar ƙarfe takwas. Hoton da aka buga na hannunsa ne, mariƙin bokiti ya yi masa shati a tafi, da layi biyu a ƙasa: sunansa, sashensa, wurin, ranar. Wata ɗaliba kuma ta ce ba ta yarda a nuna fuskarta ba, sai na ɗauke ta ta baya, jarka a ka.

Abin da jaridar makaranta ke koyarwa ke nan, wanda hoton biki da na Instagram ba sa koyarwa. Wanda ka ɗauka yau, gobe za ku haɗu a aji ko a masallaci. Idan ka yi masa ƙarya a bayanin hoto, ko ka kama shi a yanayin da zai ji kunya, ba inda za ka ɓuya. Tun kana ɗalibi kake sanin cewa fuskar mutum amana ce a hannunka.

Sarrafa kyamara ma a can ake gogewa. Wasan ƙwallo tsakanin sassa bayan la'asar, rana na faɗuwa, zai nuna maka cewa in saurin ɗauka bai kai 1/500 na daƙiƙa ba, ɗan wasa zai fito dishi-dishi. Zauren taro mai ƙwan fitila biyu zai tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. Ga edita yana jiranka kafin ƙarfe tara na dare.

Ku dubi Akintunde Akinleye, ɗan Najeriya na farko da ya ci kyautar World Press Photo, gasar hoton jarida ta duniya, a 2007. Hoton wani mutum ne yana wanke baƙin hayaƙi daga fuskarsa bayan fashewar bututun mai a Abule Egba, Legas, ranar 26 ga Disamba 2006. Wuta da hayaƙi na baya, amma idon mai kallo kan mutum ɗaya yake sauka. Fati Abubakar kuwa, da ta ga duniya ba ta san Maiduguri da komai ba sai bom, ta buɗe shafin Bits of Borno tana ɗaukar 'yan kasuwa, 'yan makaranta da masu biki na garinsu. Da abin da ke gabanta ta fara.

Akwai abin da nake roƙon editocin ɗalibai su tsananta a kai: kada a taɓa hoton labari. A 2006 kafar dillancin labarai ta Reuters ta raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj saboda ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut, ta kuma janye hotunansa sama da 900. Yau wayoyi da yawa suna iya goge mutum daga hoto da yatsa ɗaya. Wanda ya saba goge sandar lantarki don hoto ya yi kyau, wata rana ɗan sanda zai goge daga wurin zanga-zanga.

Takaicina shi ne yadda jaridun ɗalibai da yawa ke ɗaukar hoto kamar kwalliya. A rubuta labari mai kyau, sannan a kwaso hoton ƙofar makaranta daga intanet a manna. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai sun koma tuƙa adaidaita sahu, wasu gona, wasu shagon ɗinki, amma hotunan da na fi gani na shugabannin ƙungiya ne a bakin makirfo.

Ku 'yan Tsangayar Sadarwa ta BUK, da na ABU Zariya, da 'yan jaridar ɗalibai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don Allah ku ware wa hoto edita nasa. Ku riƙa rubuta sunan mai ɗaukarsa a gefe, kuma duk hoton da ya zo babu suna, babu wuri, babu rana, a mayar wa mai shi ya koma.