Nasiha ga Masu Jinyar Iyaye: Nakasa Ba Ta Ƙwace wa Tsoho Haƙƙinsa

Ya ku 'yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah Ya ɗora wa nauyin kula da mahaifi ko mahaifiya ko kaka da tsufa da larura suka haɗu a kansu, ina so mu yi magana a kan wani zalunci da ba a cika kiransa da sunansa ba, domin galibi mutanen kirki ne suke aikata shi, kuma da kyakkyawar niyya suke fara shi. Zaluncin shi ne a karɓe wa tsoho ikon yanke shawara a kan jikinsa da dukiyarsa da mazauninsa, don kawai ƙafa ta daina ɗaukarsa, ko ido ya rufe, ko harshe ya yi nauyi bayan shanyewar ɓarin jiki.

Yawanci da katin banki abin yake farawa. Baba ba ya iya tsayuwa a layi, sai ya miƙa wa ɗansa katin da lambar sirri ya ce ya ciro masa kuɗin fanshonsa. A watan farko ɗan yakan dawo da kuɗin cif-cif, ya ƙirga su a tafin hannun mahaifinsa. A wata na uku sai ya ce ya sayi magani da su, ga canji. Kafin shekara ta zagayo katin ya koma zama a aljihun ɗan, saƙon banki ya koma shiga wayarsa, kuma idan tsohon ya tambayi nawa suka rage, amsar da yake samu ita ce: "Baba, me za ka yi da kuɗi? Ai duk abin da kake so ana yi maka." Daga nan zuwa ranar da za a kawo takardar sayar da fili, a kama babban yatsansa a dangwala a tawada ba tare da an karanta masa abin da ke ciki ba, tafiyar ba ta da nisa.

Doka ba ta ɗauki wannan a matsayin sha'anin cikin gida ba. A ranar 13 ga Disamba, 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Masu Nakasa, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2008, kuma ƙasashe fiye da 180 sun ɗaure kansu da ita. Sashe na 12 ya ce mai nakasa cikakken mutum ne a gaban shari'a daidai da kowa, yana da ikon mallakar dukiya da cin gado da tafiyar da harkokin kuɗinsa, kuma ba za a raba shi da abin da ya mallaka haka kawai ba. Yarjejeniyar ba ta gindaya shekarun da wannan haƙƙi yake ƙarewa ba, saboda haka ɗan shekara 85 da ke kwance yana cikinta kamar yadda ɗan shekara 25 da ke kan keken guragu yake cikinta. Tun kafin wannan, Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da Al'umma ta 1981 ta ambaci tsofaffi da masu nakasa tare a sashe na 18, ta ce sun cancanci kariya ta musamman. Akwai kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1991 kan tsofaffi, sai dai su jagora ne kawai, ba su da ƙarfin tilasta wa kowace ƙasa.

Na san abin da da yawanku za su ce: to idan hankalin ne ya taɓu fa? Tambayar tana kan hanya, domin cutar mantuwa gaskiya ce, kuma wanda ya yi jinyar mai ita ya san akwai ranar da uwa ba za ta gane ɗan da ta haifa ba. Amma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan fiye da ko'ina, saboda mun saba gaggawar yanke wa tsoho hukuncin ruɗewa. Wanda bai ji tambaya ba saboda kurumta sai a ce ya ruɗe. Wanda kalma take maƙale masa bayan shanyewar jiki, alhali tunaninsa garau yake, sai a ce ya ruɗe. Wanda ya ce zai yi kyauta da dukiyarsa ga wanda magada ba sa so, shi kam tun kafin ya rufe baki an gama cewa ya ruɗe. Dokar da aka yi wa Ingila da Wales a 2005 kan ikon yanke shawara ta zo da ƙa'idojin da ya kamata kowane mai jinya ya haddace ko da ba a can yake zaune ba: a ɗauka mutum yana da hankalin yanke shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kada a ce ya kasa sai an bi duk hanyar da za a iya bi don taimaka masa ya fahimta, kuma yanke shawarar da wasu suke ganin wauta ce ba hujja ba ce ta cewa ba ya cikin hayyacinsa. Ikon ma ana auna shi ne a kan kowace shawara daban, a lokacin da ake buƙatarta. Tsohuwar da ba za ta iya bin lissafin asusun banki ba tana iya sanin sarai cewa ba ta son a mayar da ita gidan wane, kuma wannan sanin nata abin girmamawa ne.

Ko a inda tallafi ya zama dole, sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Masu Nakasa ya ce a bi nufin mutumin da abin da shi kansa yake so, a kauce wa sa wanda yake da wata riba a cikin lamarin, a taƙaita lokacin gwargwadon iko, kuma wata hukuma mai zaman kanta ko kotu ta riƙa dubawa. Matsayinka matsayin ɗan jagora ne: kai kake ganin rami da kwalbati, amma mai sandar ne yake faɗin inda za a je.

Ku lura da abin da yake faruwa a ɗakin ganin likita. An turo Inna a keke, likita ya ɗaga kai ya tsallake ta da ido ya tambayi 'yarta: "Me yake damunta?" 'Yar ta amsa, aka yi bayanin tiyata, aka miƙa takardar amincewa, 'yar ta sa hannu, ita kuwa mai jikin tana zaune tana bin bakinsu da kallo. Sashe na 25 ya wajabta wa ma'aikatan lafiya su nemi yardar mai nakasa bayan sun yi masa bayanin da zai gane, ya kuma hana a ƙi duba shi saboda nakasarsa. Abin da ya rage gare ka ɗan kaɗan ne: ka ce wa likita ya tambaye ta, ka matso da keken kusa, ka maimaita mata maganar da ƙarfi a kunnen da take ji da shi, sannan ka yi shiru ka ba ta lokacin amsawa.

Haka batun mazauni yake. Sashe na 19 ya ba mai nakasa zaɓin inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, sashe na 14 kuma ya ce nakasa ba ta zama dalilin tsare mutum. Kulle tsoho a ɗaki, ko ɓoye masa sanda don kada ya fita, ko hana abokansa shigowa don ana jin kunyar halin da yake ciki, tsarewa ce ko da ɗansa ne yake riƙe da makullin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 60 yakan fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 52 daga ƙasashe 28 ya nuna cewa duka da makamantansa suna samun kashi 2.6 cikin ɗari na tsofaffi, cin dukiya kashi 6.8, amma muzantawa da tsawa da barazana sun kai kashi 11.6. Wato mafi yawan abin da baki ake yin sa, kuma wanda bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa hannu ba yana iya kasancewa a cikin lissafin. Addini ma tun daga kan kalmar ƙosawa ya fara hani, bai jira a kai ga duka ba.

Ba na raina wahalar jinya. Wanda yake tashi tsakar dare yana juya majinyaci don kada gyambon kwanciya ya kama shi, yana wanke shimfiɗa, yana asarar ranakun aikinsa, ya cancanci taimakon sauran 'yan'uwa, har ma da lada daga dukiyar tsohon idan shi tsohon ya yarda kuma an faɗa a fili. Abin da ba shi da shi shi ne ikon biyan kansa a ɓoye. Saboda haka ku yi abubuwan da za su kare ku tare da kare shi. Tun yana da ƙarfin magana, ku kai shi wurin lauya ya rubuta takardar wakilci da ta fayyace wanda ya zaɓa da iyakar abin da ya wakilta shi a kai, ya kuma rubuta wasiyyarsa a gaban shaidun da ba su da rabo a ciki. Ku ajiye kuɗinsa daban da naku, ku buɗe littafin da kuke rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita, ku adana rasit, ku bar ɗan'uwa na biyu ya riƙa dubawa. Ku nemi sanin dokar ƙasarku, domin yadda ake naɗa mai kula da dukiyar wanda hankalinsa ya gushe ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a mafi yawan wurare sai an bi ta kotu, kuma kasancewarka babban ɗa ba ya wadatarwa.

Idan kuma kai ne kake kallo daga gefe, ka ga tsohon da yake firgita idan wani ya shigo, ko ya rame alhali fanshonsa yana shiga, ko aka ce ya sayar da gida alhali bai san an yi ba, to ka samu zama da shi shi kaɗai ka tambaye shi, domin da wuya ya faɗi laifin ɗansa a gaban ɗan. Sashe na 16 ya ɗora wa gwamnatoci kare masu nakasa daga cin zarafi a cikin gida da wajensa, wanda ke nufin ofishin jin daɗin jama'a, da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, da 'yan sanda suna da hurumin sauraron ƙorafin. Ka rubuta ranakun da abin da ka gani da idonka kafin ka je, kuma ka sanar da tsohon matakin da kake shirin ɗauka, domin ko a wajen kai ƙara a madadinsa yana da ta cewa.