Ƙamusun Lulogooli: yawan kalmomi ba shi ne ma'auni ba

A gundumar Vihiga da ke yammacin Kenya, mutum ɗaya daga ƙabilar Maragoli sunansa Mulogooli, jama'arsa Avalogooli, harshensu kuma Lulogooli. Saiwar guda ce, -logooli, ɗafa-goshi ne kawai ke sauyawa. Duk mai son gina wa wannan harshe ƙamus a waya ko kwamfuta, a nan zai fara cin karo da tsauni. Ni a ganina masu ɗaukar nauyin irin wannan aiki kan yi awo da mudun da bai dace ba, wato yawan kalmomin da aka tara.

Lulogooli ɗan gidan Bantu ne, cikin rukunin harsunan Luhya. Sunayensa sun kasu aji-aji, kowane aji da ɗafa-goshinsa. Aikatau kuwa ya fi wuyar sha'ani. Kudeeka na nufin dafawa. A cusa -er- kafin wasalin ƙarshe, ya koma kudeekera, dafa wa wani. Kulola gani ne, kulolana ganin juna. Sannan a goshin kalmar a jera mai aikatawa, da lokacin aikin, da wanda aikin ya faɗa wa, duk a dunƙule wuri guda. Abin da Bahaushe zai faɗa da kalma huɗu ko biyar, Mulogooli ya gama shi da ɗaya. Saiwa guda tana iya haifar da ɗaruruwan siffofi, to wace za a rubuta a ƙamus? In an bi siffar da ke farawa da ku-, kusan dukkan aikatau za su cunkushe ƙarƙashin harafin k.

Masu ƙamusun takarda dole ta sa su zaɓi. Ƙamusun Zulu na Doke da Vilakazi, na 1948, ya jera kalmomi bisa saiwarsu, abin da ke nufin sai ka san nahawu kafin ka gano kalmar da ka zo nema. Su suna da uzuri, takarda ba ta tunani. Kwamfuta ba ta da wannan uzurin. Manhajoji irin su FieldWorks na SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, sun daɗe suna ba da damar a koya wa ƙamus dokokin ƙirar kalma, ya riƙa feɗe ta da kansa, ya ware ɗafi, ya miƙa wa mai nema saiwar. Aiki ne mai cin rai, ba ya kuma ƙayatar da rahoto, shi ya sa ake tsallake shi.

Ga kuma batun rubutu. 'Yan mishan na Quaker da suka sauka Kaimosi, a yammacin Kenya, a 1902 ne suka fara rubuta harshen, da wasula biyar, alhali a baki bakwai ne. Karin sauti, wanda ke rarrabe lokutan aikatau, ba a sa masa alama. Mu ma mun san ciwon, tunda fari na launi da fari na rashin ruwa rubutunsu ɗaya. Ko sunan harshen ba a daidaita ba: Logooli, Logoori, Luragoli, saboda l da r suna musanya.

Wasu za su ce a dakata sai an tsayar da ƙa'idar rubutu. Ban yarda ba. Kwamitin da za a ɗora wa aikin zai yi shekaru yana zama, dattawan da suka riƙe tsofaffin kalmomi kuma ba za su jira shi ba. Ƙamusun zamani na iya karɓar l da r duka, ya nuna rubutun yau da kullum, ya ƙara na masana a gefe, ya haɗa da muryar mai magana.

Kayan aikin ma sun fara samuwa. Shirin Kencorpus, wanda asusun Lacuna ya tallafa wa, ya tattara rubuce-rubuce da maganganu cikin Swahili, Dholuo da harsunan Luhya uku, har da Logooli. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ɗora wa gwamnati raya harsunan gida. Abin da ya rage shi ne gwaji kafin a biya kowa: a ɗauko kalma daga saƙon WhatsApp na wani matashi a garin Mbale na gundumar Vihiga, da duk ɗafe-ɗafenta, a rubuta ta a ƙamusun, a ga ko zai gane ta.