Bana ba inda za mu, a Kaduna za mu yi hutun

Da an ba yara dogon hutu a ƙarshen Yuli, tambayar da ake yi wa kowane magidanci a garin nan ɗaya ce: "Ina za ku bana?" Kai ka ce hutu ba ya karɓuwa sai an ɗaure kaya an nufi tashar Kawo, ko an yi sammakon jirgin Rigasa. In ka ce ba inda za ku, sai a dube ka da tausayi a ce Allah ya hore. To ni dai a ganina, duk wanda 'ya'yansa ba su haura shekara 6 ko 7 ba, ya yi zamansa a Kaduna ya ci hutunsa, ko da kuɗin tafiyar na nan a aljihu. Sai dai akwai sharaɗi, kuma saboda shi na zauna wannan dogon rubutu, domin mafi yawan abin da muke kira hutu a gida ƙarin aiki ne kawai a kan mutum ɗaya.

Mu fara da tafiyar kanta. Daga nan zuwa Kano ya haura kilomita 200. Ga babba wannan ba komai ba ne. Ga yaro ɗan shekara 3 kuwa, kafin a kai Jaji ya ce fitsari, kafin Zariya ya yi amai a jikin uwarsa, na goye kuma ya ƙi nono saboda zafi da matsi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi lissafi a kansa, ga tsaraba, ga ihsanin da za ka yi wa dangi, wanda ba ka isa ka tsallake ba. Masu zuwa Abuja ta jirgin ƙasa kuma, tun harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris na 2022 da wuya ka ga uban da zai shiga da iyalinsa bai yi ta addu'a a zuci ba har a sauka.

A ce an isa lafiya. Gidan gado ne, kowa ya kawo nasa yaran, an cusa su ɗaki ɗaya, gidan sauro ɗaya ko babu, a tsakiyar Agusta lokacin da sauro ke ganiyarsa. Yaron da ya saba barci bayan isha'i yanzu sai sha ɗaya yana tsalle a kan katifa. Kai maigida kana zaure ana hira da abokan ƙuruciya, ana kawo shayi. Ita kuwa matarka ta tashi daga uwar gida ta koma surukar gida, tana bakin murhu tana tuƙa tuwon mutum ashirin, ba ta da bakin cewa ta gaji. A dawo Kaduna da yaro ɗaya mai zazzaɓi, ɗaya mai gudawa, da tulin wanki. Wa ya huta a nan?

Na san me za a ce: zumunci fa? Gaskiya ne, kuma ba na wasa da shi. Kaka tana da haƙƙin ganin jikokinta. Amma ai hanyar ba ɗaya ba ce. Da na kira mahaifiyata na ce, "Hajiya, a yi mana afuwa bana, yaran sun yi ƙanana da hanya a daminar nan, ko ke za ki zo mana?" cewa ta yi, "To Allah ya kai mu, dama ina son ganin likitan ido." Kuɗin motar mutum ɗaya ya fi na mutum biyar sauƙi, ita ma ta samu canjin wuri, jikokin kuma sun same ta ita kaɗai, ba tare da wasu goma suna rububinta ba. Ziyarar gida kuma tana nan da sallah, ko kai ka je kai kaɗai ka gaida kowa ka dawo.

Yanzu ga sharaɗin, kuma da ku nake, maza 'yan'uwana. In an ba yara hutu kai kuma kana fita tun safe sai dare, gidanka ba hutu ake ba. Makaranta ce ta huta. Uwar yara ce ta karɓi aikin malamai a kan nata, ga girki sau uku, ga rabon faɗa, ga "Mama zan ci kaza" daga safe har magariba. Saboda haka abu na farko shi ne ka ɗauki hutu kai ma. Ma'aikaci ya nemi 'yan kwanaki daga hutunsa na shekara ya daidaita su da na yara, maimakon ya ɓarnatar da su a bukukuwa. Ɗan kasuwa ya bar wa yaronsa shago na kwana biyu ko uku, Kasuwar Barci ba za ta tashi ba don ba ka zo ba. Mai sana'ar da in bai fita ba ba a ci, ya ware yini ɗaya, ko rabin yini. Kuma ka ajiye waya. Uban da ke zaune a falo yana latsa waya yana cewa "ku yi mini shiru", da shi da wanda ya tafi ofis duk ɗaya ne a wurin yaro.

Na biyu, a rufe kicin, ko a rage masa aiki sosai. Wannan ne maza ba sa son ji. Kuɗin da za ka kashe a mota kashe shi a nan: ƙosai da koko daga bakin layi da safe, waina da miya ranar Juma'a, tsire ko balangu da daddare. Ranar da za a yi girki kuma, kai ka shiga. Dafa taliya da ƙwai ba ya rage wa namiji komai, yara kuma ba sa manta ranar da Abba ya yi girki, ko da gishiri ya yi yawa. Sannan a ba maman yara yini guda nata na kanta, ta je gidansu ko wurin ƙawarta ko gidan kitso, ko ta rufe ɗaki ta yi barci, kai ka riƙe yaran har da canza wa na goye ƙunzugu. A ranar za ka san nauyin abin da take ɗauka kullum.

Akwai kuma lesin. Yaron da ke nazare, wanda ko wandonsa bai iya ɗaurawa ba, an ba shi hutu ranar Juma'a, Litinin an sa masa jaka wai lesin hutu. Islamiyya da yamma ta ishe shi. Ku bar shi ya yi wasan ƙasa.

To ina za a je a cikin gari? Abin mamaki, mutum zai shekara talatin a Kaduna bai taɓa shiga gidan adana kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu ba, alhali kullum yana wucewa ta gabansa a Keke Napep. An buɗe shi a 1975, a ginin da jam'iyyar NPC ta su Sardauna ta yi amfani da shi a da. A ciki akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tono irinsu a 1928 a wurin haƙar kuza a ƙauyen Nok, cikin jihar nan tamu, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Kada ka ɗauka yaro zai tsaya sauraron wannan bayani. 'Yata ta tsaya gaban wani kai mai huda a ido, ta daɗe tana kallo, ta juyo ta ce, "Abba, wa ya yi masa kitso?" Daga nan hirarmu ta koma kan kitso da tukwane, muna komawa gida ta kwaɓa taɓo a bayan ɗaki ta ce nata take ginawa. Iyakar abin da ta ɗauko ke nan, ni kuma ya ishe ni.

Gidan Arewa da ke titin Rabah shi ne gidan Sardauna Ahmadu Bello, inda aka kashe shi a ranar 15 ga Janairun 1966, yanzu kuma cibiyar binciken tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya fi dacewa da yaran da suka ɗan tasa, amma ƙananan ma suna son hotunan dawakai da rawuna. Dandalin Murtala, inda aka yi gagarumin hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, fili ne da yaro zai yi gudu har ya gaji da kansa, abin da ɗan gidan haya mai ɗaki biyu ba ya samu. A Gamji kuma, wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi, akwai tsohuwar gadar ƙafa ta Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa nan. Shawarata dai ka fara leƙawa kai kaɗai ka ga ko wuri a buɗe yake da kuma kuɗin shiga, kafin ka yi wa yara alkawari, don yaro ba ya yafe alkawari.

Kuma ba dole sai wuri mai suna ba. Ka kai ɗan shekara 4 kusa da tashar Rigasa ya ga jirgi yana shigowa yana huci, zai yi mako yana ba da labari. Ka hau da su gadar Kawo da daddare su ga fitilu. Ka kai su inda ake ƙira ko ɗinkin hula su tsaya kallo.

Abin da na lura da shi shi ne wuri ɗaya a yini ya wadatar. A fita da hantsi, a dawo kafin azahar, a ci abinci, kowa ya kwanta har da manya. Wanda ya ce sai ya zagaya wuri uku a rana don kuɗin mai ya fanshe, da kuka zai dawo gida. Washegari kuma a zauna. Ai ruwan Agusta ma ba zai bar ka ka yi yadda kake so ba, kuma ranakun ruwan su ne suka fi daɗi in dai an shirya musu. A shimfiɗa tabarma a baranda, a dafa gyaɗa, a gasa sabuwar masara a kan gawayi, a kifa kujeru a rufa musu zane ya zama ɗaki. In Hajiya na nan, a kashe talabijin a ce ta yi musu gatanan gatananku. Za ka sha mamakin yadda yaran da ba su san komai ba sai katun suke buɗe baki suna jin yadda Gizo ya yaudari Ƙoƙi.

Damina tana da nata hatsarin, kar a yi sake. Kogin Kaduna yana cika sosai a Agusta da Satumba, har yakan shiga gidajen da ke kusa da gaɓa, saboda haka yaro ba ya matsawa bakin ruwa ko da hannunsa na cikin naka, haka ma manyan kwatoci bayan an ɗauke ruwa. A kwana cikin gidan sauro. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina sun ƙwanƙwasa ƙofa, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata, a karɓa, a kuma cika kwana ukun da ake shan sa. Wannan ma wani dalili ne na zama a gida, don in kuna hanya zagayen zai wuce ku.

Masu hali sukan kama ɗaki a otal a cikin gari su kwana ɗaya, don a ɗanɗana canjin wuri da wutar da ba ta ɗaukewa. Ba laifi, ko da yake ni na fi ganin amfanin kuɗin a wurin mai wanki da mai abinci. In an je kuma akwai wurin ninƙaya, idonka kada ya bar kan yaro ko na ƙiftawa.

Abu mafi wuya shi ne mutane. Da an ji kana gida, sai ga katin ɗaurin aure, ga taron unguwa, ga abokin da ya ce ka raka shi Mando ku dawo yanzu-yanzu, ga 'yar'uwar da za ta turo nata yaran huɗu su yi hutu a wurinku tunda kuna nan. Gaisuwar rasuwa da dubiya ba a ɗaga su, wannan daban. Sauran kuwa sai ka koyi cewa "a yi haƙuri, ina da uzuri", ba tare da dogon bayani ba. Zancen turo yara kuma, kafin ka ce "ba komai, su zo", ka tambayi wadda za ta yi musu wanka da girki. In ta amsa da "to" a sanyaye, ka san a'a take nufi, kuma kai ne za ka kira Yaya ka ba ta haƙuri, kada ka bar matarka da baƙin jinin dangi.