Kuka ba rashin haƙuri ba ne

Na ga abin da kuka yi wa baiwar Allahn nan jiya, raina ya ɓaci matuƙa. Wata biyar da rasuwar ɗanta, ta ce har yau takalmansa na bakin ƙofa, ta kasa ɗauke su. Shi ke nan kuka yi mata caa: "Ki dangana mana", "A kanki aka fara mutuwa?" Haba jama'a!

Kuka ba rashin haƙuri ba ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma daga bakinsa muka ji "haƙuri mai kyau". Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke cikawa, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A cikinku wa ya kai su haƙuri?

Masu kawo mata lissafin matakai biyar da ake cewa mai baƙin ciki yana bi ɗaya bayan ɗaya, ku ma ku dakata. Wata likitar ƙwaƙwalwa, Elisabeth Kübler-Ross, ta fitar da su a 1969 ne daga hirarta da majinyatan da ke gab da mutuwa. Raɗaɗin rashi ba ya bin layi. Yau ka yi dariya, gobe ƙamshin turaren mamacin ya buge ka a hanya, gwiwoyinka su sage. Lafiyarka ƙalau, kewa ce.

Za a ce ai wani yana wuce gona da iri. Akwai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan larura: baƙin ciki mai tsanani da ya haura aƙalla wata shida, ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. Shi ma likita yake buƙata da mai zama kusa da shi, ba gori ba. Ita kuwa tana aikinta, tana kula da sauran 'ya'yanta, kuka kawai take yi. Ku ƙyale ta ta yi kukanta.

Ni da mahaifina ya rasu, shekara biyu ban goge lambarsa ba. Wani dare kewa ta ishe ni na kira, sai na ji muryar wani saurayi, ashe kamfanin waya ya sake sayar da layin. Na ba shi haƙuri na kashe. Saƙon muryarsa guda ɗaya ya rage mini, yana tambaya ko na isa gida lafiya, yanzu na adana shi a wuri uku.