Karen gida ma kare ne

Jama'ar Maradi, akwai wata magana da ya kamata mu rage faɗinta: "Ai karenmu ba ya cizo." Duk kare yana cizo idan an kai shi bango. Sau da yawa wanda ke cizon ƙaramin yaro shi ne karen da ya san yaron, na cikin gida ko na maƙwabta, saboda shi ne aka sake da shi har aka daina sa ido. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Haka sabo da kare ba ya cire masa haƙori.

Ban ce kowa ya kori karensa ba. Mai garke a bayan gari, mai lambu a bakin Gulbi, mai gidan da ɓarayi suka dama, duk suna da dalilinsu. Magana ita ce yadda kare da yaro za su zauna gida ɗaya.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 fuskarsa tana daidai bakin kare. Babba idan aka cije shi, a ƙafa ne ko a hannu. Yaro kuwa a kumatu, leɓe, kunne ko wuya. Kuma yaro yana yin duk abin da kare ya tsana: ya rungume masa wuya, ya hau bayansa kamar jaki, ya ja wutsiya, ya ƙura masa ido. Karen yakan yi gargaɗi kafin ya kai baki, mu ne ba mu iya karantawa ba. Zai kau da kai, ya riƙa lasar baki ko hamma alhali ba barci yake ji ba, kunnuwa su kwanta baya, farin idonsa ya fito, jiki ya sandare. Daga nan sai gurnani. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. Idan ta miƙe sama tana kaɗawa a ƙage, a janye yaro.

Kuskuren da magidanta ke yawan yi shi ne dukan kare don ya yi wa yaro gurnani. Abin da ya koya daga dukan shi ne ya daina gurnani, ba ya daina jin haushi ba. Rana ta gaba sai ya kai cizo babu sanarwa. Idan ya yi gurnani, a ɗauke yaron, a duba abin da ya tsokane shi.

Lokutan hatsari sanannu ne: yana cin abinci ko yana gwaguyar ƙashi, yana barci, yana ciwo, ko karya ce mai shayar da ƴaƴanta. Sai wanda aka ɗaure da gajeriyar sarƙa, wanda ba shi da inda zai gudu idan yaro ya matso, balle a zafin Afrilu babu inuwa babu ruwa. A gidajenmu yara a ƙasa suke cin tuwo, bisa tabarma. Ƙashi ya faɗi, hannun yaro da bakin kare su kai a tare. Don haka lokacin cin abinci kare ya kasance bayan ƙofa a rufe, kwanonsa kuma a ajiye inda mai rarrafe ba ya kaiwa. Kuma don Allah, barin jariri da yayarsa ƴar shekara 7 ba tsaro ba ne. In babu babba a tsakar gida, a raba su.

Masu zuwa lakwal da makarantar allo a koya masu abu biyu. Su daina jifan karnuka. In kare ya taso masu, kada su ruga da gudu suna ihu, don gudu ne ke sa shi bi. Su tsaya cak, hannuwa a jiki, ido a ƙasa. Wanda ya faɗi ya dunƙule, ya rufe wuya da kunnuwa da hannuwansa.

To idan cizon ya auku fa? Nan ne aka fi yin ɓarna. Abu na farko shi ne ruwa da sabulu, minti 15 cur, a duba agogon waya. Ba famfo? Mutum ɗaya ya riƙa zubawa da buta, ɗaya yana cuɗa sabulu har cikin ramin haƙorin, a ajiye jarka cike a kusa. Yaron zai yi kuka, a riƙe shi a ci gaba. Sabulu yana lalata kwanson ƙwayar cutar haukan kare, ruwa kuma yana fitar da yawun. Abin mamaki, kwanon da kare ya sa wa baki mun san a wanke shi sau bakwai, amma ciwon ɗanmu sai a ɗan watsa masa ruwa a ɗaure da tsumma. Bayan wanki a sa Bétadine (maganin wanke ciwo) ko alkol. Ban da toka, barkono, ƙasa, man birki ko gashin karen. Ba sa kashe komai, datti kawai suke ƙarawa. In jini na zuba sosai, a danne da ƙyalle mai tsabta a kama hanya.

A tafi likita a ranar, ko da yaƙushi ne da bai yi jini ba, ko lasa a kan tsohon ƙurji, ido ko baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yaudarar cutar ita ce ciwon yana warkewa sarai, a manta. Ƙwayar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da wuya ya fi saurin isa don tafiyar gajeriya ce. Da zarar yaro ya fara tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Kafin nan kuwa allurar rigakafin haukan kare tana hana ta.

Allurar ba guda ɗaya ba ce. Wani tsarin ana yi ranar farko, rana ta 3, ta 7, sai ta ƙarshe tsakanin ta 14 da ta 28; wani kuma cikin fata ake yi, wuri biyu, a ranar farko da ta 3 da ta 7. Kowanne aka ɗora ku a kai, a rubuta ranakun a cika su, don mutane da yawa daga ta biyu suke tsayawa da sun ga ciwo ya bushe. A dantse ake yin ta, ƙaramin yaro a cinya, ba a ɗuwawu ba. Idan haƙori ya huda fata, a tambayi seram ɗin da ake zubawa cikin ciwon kansa, wanda ke aiki kafin allura ta kama jiki. Bayan kwana 7 da fara allura ba a yin sa. A duba katin rigakafin yaron saboda tetanos, cutar da ke sandarar da jiki da haƙora. Kada ku matsa wa ma'aikacin lafiya sai ya ɗinke nan take, ɗinki na iya kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Ja, kumburi, ruwa ko zazzaɓi a kwana ɗaya zuwa biyu, a koma.

Shi kuma karen, fushi kan sa a kashe shi nan take a jefar, alhali shi ne shaida. A tsare shi wuri guda, da ci da sha, a lura da shi kwana 10. Idan ya kai hakan lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, kuma likita ne zai ce ko a dakatar da allura. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara. In ya mutu, ya ɓace, ya daina cin abinci ko yawu ya fara dalala, a sanar da likitan dabbobi, kada yara su taɓa gawar.

Mai kare kuma ya kai shi rigakafi daga wata 3 da haihuwa, ya sabunta duk shekara, ya adana katin inda zai iya ɗauko shi da dare idan maƙwabci ya buga ƙofa da yaro a kafaɗa.