Ɗalibin kimiyya, ka iya lissafin fawabank ɗinka kafin ka cike fom ɗin JAMB

Ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri da Zuru, yawancinku a waya kuke bitar tsofaffin tambayoyin JAMB, kuma in aka ɗauke wuta fawabank ne ke riƙe muku karatun dare. Abin takaici shi ne yaro ya haddace dokar Ohm saboda jarrabawa, sannan ya shiga kasuwa a miƙo masa fawabank mai rubutun 50,000mAh wanda bai kai nauyin wayarsa ba, ya biya yana murna. An ci kuɗinsa, kuma karatunsa bai tsinana masa komai ba a wurin da ya fi buƙatarsa.

Ku ɗauki biro mu yi lissafin tare. Lambar mAh ita kaɗai kamar a ce maka shinkafa kwano goma ce ba a nuna maka girman kwanon ba. Batirin litiyom da ke cikin fawabank yana aiki ne a kan bolt 3.7. Mai 10,000mAh, wato amfiya 10 na awa guda, in ka ninka da 3.7 ka sami 37Wh, wato wat 37 na awa guda. Wannan shi ne ainihin abin da ke ciki. Kafin ya fito ta bakin USB sai an ɗaga shi zuwa bolt 5, a nan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ke salwanta a matsayin zafi, wani kason kuma ya ƙara tafiya a igiya da cikin wayar kanta. Batirin waya mai 5,000mAh yana cin kusan 19Wh. Ke nan fawabank na gaskiya mai 10,000 zai cika irin wannan wayar sau ɗaya da rabi, mai 20,000 kuwa kusan sau uku. Duk mai shagon da ya ce maka sau shida, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka. Kamfanonin kirki ba sa ɓoyewa: juya bayan fawabank ɗin ka karanta ƙananan rubutu, za ka ga Wh, wani lokaci har da adadin da zai fitar a bolt 5, wanda ga mai 10,000 yakan tsaya wajen 6,000 da 'yan kai.

Nauyi ma shaida ne. Batirin nan mai kama da gwangwani da ake kira 18650 nauyinsa kusan giram 45 ne, kuma da wuya ka sami wanda ya wuce 3,500mAh. Kafin a haɗa 20,000 sai an jera shida, shi ya sa na gaskiya yakan kai giram 350 zuwa 450. Amma 'yan damfara ma sun san wannan, akwai waɗanda ke sa batiri ɗaya su cike sauran gwangwanayen da yashi. Gwajin da ba ya kuskure shi ne lokaci. Ka ƙarar da shi tas, ka sa shi a caja mai wat 10 (za ka ga 5V 2A a jikinta). In mai 20,000 ne da gaske, wato 74Wh, sai ya ci awa takwas zuwa tara. In ya ce ya cika cikin awa biyu, 20Wh kawai ya sha, ka mayar wa mai shi. Araha ba ta ado.

Igiyar caji kuwa mutane na raina ta. Siririyar igiya mai tsawo tana iya samun turjiyar rabin ohm. Amfiya 2 sau rabi, bolt ɗaya ya ɓace a hanya, wayar ta ga 4 maimakon 5, sai ta rage abin da take ja. Kai kuma ka yi ta zagin fawabank. Gajeriyar igiya mai kauri ta fi.

Babban abokin gabar batirin litiyom a ƙasarmu zafi ne. Ba a son a caja shi a yanayin da ya haura digiri 45, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu iskar waje kanta tana wuce 40. Kada ka bar shi gaban gilashin mota, ko cikin akwatin babur a rana, ko ƙarƙashin matashi kana barci yana caji. Masu ɗan faifan sola a bayansu su ne suka fi yaudara: faifan bai fi wat ɗaya ko ɗaya da rabi ba, zai buƙaci fiye da awa hamsin na rana tsaka kafin ya cika 74Wh, kuma duk tsawon lokacin batirin yana gasuwa. In sola kake so, sayi faifai daban mai wat 20, shi a rana, fawabank a inuwa. In za ka ajiye shi na dogon lokaci, bar shi da rabin caji, ka duba shi duk wata uku. Wanda ya kumbura ya gama aiki, sinadarin ciki ne ya fara ruɓewa yana fitar da iska. Kada ka danna shi, kada ka huda shi da allura, kada ka jefa shi bola, domin mu nan ƙona shara muke yi kuma yara na wasa a wurin. Sa shi a gwangwanin ƙarfe da yashi, nesa da ɗakin kwana, jarkar fetur da buhunan hatsi. Masu tafiya Umara ko Hajji su sani ba a sa fawabank a babbar jaka, a hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba 100Wh ce, wato kusan 27,000mAh.

To mene ne wannan abin da ke gudu a cikin igiyar? Ilektiron ne, kuma kafin 1897 ba wanda ya san da shi. J.J. Thomson ne ya gano shi a Kambirij ta Ingila, yana wasa da bututun gilashin da aka zuƙe wa iska, ba don yana neman cajin wayar kowa ba. A 1932 Carl Anderson ya gano kishiyar ilektiron mai suna fozitiron, yau da shi ake ɗaukar hoton PET don gano inda ciwon daji ya yaɗu. A 1964 Peter Higgs da wasu masana suka yi hasashen wata ƙwaya da ke bayyana yadda ƙwayoyin asali ke samun nauyi. Shekara 48 ana nema. Sai ranar 4 ga Yulin 2012 cibiyar binciken Fiziks ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan ta sanar da ganin ta, bayan an yi ta gwara furoton da furoton a wani rami mai zagayen kilomita 27, kusan mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, da maganaɗisun da aka sanyaya zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri. A wannan cibiyar ce kuma Tim Berners-Lee ya tsara shafukan yanar gizo a 1989 don masu bincike su riƙa musayar bayanai, a 1993 aka sake su kyauta ga duniya. Tambayoyin JAMB ɗin da kake saukewa ta nan suke biyowa.

Mun kawo wannan ne saboda maganar da ake yi a gidaje da yawa duk lokacin da fom ya fito: Baba ya ce likita, ba wani zance. Kada ka raina masa. Ya ga yadda ake layi a asibiti, ya ga ƙarancin likitoci mata a ƙauyukanmu, yana so ka tsaya da ƙafarka. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "tir", balle ɗaga murya. Sai dai biyayya ba ta hana ka kai masa gaskiyar lamari. Likitanci shekara shida ne, sai shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Kowace jami'a tana da iyakar ɗaliban da hukumar likitoci ta yarje mata, saboda haka maki mai kyau ma yakan rasa gurbi. Wanda aka tura dole, ko dai ya yi ta maimaita JAMB sa'o'insa suna wucewa, ko a biya masa wurin satar amsa ya shiga, jarrabawar aji ta tona shi a kore shi bayan an kashe dukiya. Wannan ya fi komai ƙona zuciyar uba.

Ga inda ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. JAMB darussa huɗu ce, maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu, Turanci dole. Mai neman likitanci yana ɗaukar Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci ko Fiziks yana ɗaukar Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Darasi ɗaya ne bambancin, amma in ka zauna da Bayoloji ka rasa likitanci, ba za ka iya sauya sheƙa zuwa injiniyancin lantarki a wannan shekarar ba, tunda ba ka da makin Lissafi. Don haka a gama maganar kafin a je cibiyar rajista, ba bayan sakamako ya fito ba.

Ka tara sakamakonka na aji huɗu zuwa shida, ka duba da idon gaskiya wane darasi kake ci ba tare da an taimaka maka ba. Ka buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB ka rubuto abin da kowane kwas ke buƙata a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru. Ka yi istihara. Ka sami Baba lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a gaban baƙi ba, ka durƙusa ka ce, "Baba, ina neman shawara ne, ga abin da takarduna suka nuna." In nauyinsa ya hana ka magana, bi ta wurin Inna, ko kawu, ko baffan da yake jin maganarsa, ko malamin Fiziks ɗinku. Kuma ka nuna masa cewa asibiti ba likita kaɗai yake buƙata ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato yana da sashen gashin ciwon daji. Na'urar da ake wannan aikin da ita ilektiron take harbawa da gudu, ƙanwar waccan mai gwara furoton ta CERN ce. Likita ke faɗin adadin da za a ba majinyaci, masanin Fiziks ke auna na'urar ya tabbatar abin da ta fitar daidai ne. A Zariya ma akwai cibiyar binciken makamashi mai ƙaramar tukunyar nukiliya da ke aiki tun 2004.

Kada kuma wani ya fake da wannan rubutun don gudun wahala. In logaridim da tirigonometiri suna sa ka ciwon kai, Fiziks ba mafaka ba ce, ta fi Bayoloji cin lissafi nesa ba kusa ba. Kuma digirin Fiziks shi kaɗai yawanci aji yake kai mutum, koyarwa kuwa aikin daraja ne amma albashinsa kowa ya sani. Wanda ya zaɓe shi ya haɗa da sana'ar hannu tun daga shekarar farko: hutun zango ya zauna wurin masu haɗa sola ya koyi auna faifai, batiri da inbata, ya mallaki mita ya iya gano layin da ya tsinke a allon waya, ya koyi rubuta manhajar kwamfuta da yaren Python. Manoman rani a fadamun Argungu da Suru suna komawa famfon sola saboda tsadar fetur, kuma kowane famfo yana buƙatar wanda zai lissafa masa wat nawa zai ja, faifai nawa za a jera, da kaurin wayar da ba za ta yi zafi ba.